Yaya Zan Koyar da Turanci ga Ɗaliban Indonesiya, Kuma da Waɗanne Littattafai?

Wani ɗan'uwa da ke karatun digiri na biyu a birnin Malang, a gabashin tsibirin Java, ya aiko da tambaya. Wata makarantar kwana ta addini da ke kusa da masaukinsa, irin wadda ake kira pesantren a can, ta roƙe shi ya riƙa koya wa ɗalibanta Turanci da yamma, yara 'yan shekara 13 zuwa 17. Ya taɓa koyarwa a sakandare a gida Najeriya, amma ya ce a can abin ya ɗaure masa kai: yaran suna cika takardar gwaji daidai, in ya yi musu tambaya da baki kuwa sai murmushi da sunkuyar da kai. Yana son ya san hanyar da zai bi da kayan da zai yi aiki da su.

Malam, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Kafin mu kai ga littafi, akwai wani zato da ka taho da shi daga gida wanda ya kamata ka ajiye. A Najeriya Turanci harshen hukuma ne. Yaron Kano ko Zariya, ko bai iya shi ba, yana ganinsa a allon asibiti, yana jinsa a rediyo, da shi ake koya masa lissafi, kuma ya san ba zai ga ƙofar jami'a ba sai ya ci shi. A Indonesiya ba haka abin yake ba. Tun ranar 28 ga Oktoba 1928, lokacin da matasan ƙasar suka ɗauki alkawarin da ake kira Sumpah Pemuda, suka zaɓi harshe ɗaya da zai haɗa su, kuma a 1945 aka rubuta shi cikin tsarin mulki. Yau da harshen Indonesiya ake shari'a, da shi ake muhawara a majalisa, da shi ake lacca a jami'a. Mutum zai yi karatu har ya zama alƙali bai taɓa buƙatar yin hirar minti biyar da Turanci ba. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 270 da harsuna sama da 700, saboda haka yaran da ke gabanka Javanci suke yi a gida, wasu Maduranci, harshen ƙasa a aji, ga Larabci a darussan addini, sannan Turanci ya zo a na huɗu. Halinsu ya fi kusa da na ɗalibin Maraɗi ko Damagaram, wanda Turanci ke zo masa sa'o'i kaɗan a mako, in an tashi daga aji kuma shi ke nan.

Ƙari a kan haka, manhajar 2013 ta cire Turanci daga jerin darussan firamare, don haka da yawa daga cikinsu sai a aji bakwai, farkon ƙaramar sakandare, suka fara shi sosai, a darasi mai tsawon minti 40. Sabuwar manhaja, Kurikulum Merdeka, ta fito a 2022, kuma an tsara mayar da Turanci dole a firamare daga shekarar karatu ta 2027/2028, amma yaranka sun riga sun wuce nan. Ma'anar duk wannan a wurinka ita ce: ajinka ne kusan kaɗai wurin da za su buɗe baki su yi Turanci. Duk mintin da ka cinye kana bayani a gaban allo, daga rabonsu ka ɗebe shi.

Ba jahilan Turanci ba ne, ka lura. Ka tambayi ɗaya daga cikin manyan game da "16 tenses", za ka ga ya jero maka su tiryan-tiryan, kowanne da abin da suke kira rumus, wato ƙa'ida irin ta lissafi: S + V1, S + have + V3, da sauransu. Haka aka saba koyar da su shekara da shekaru, domin jarrabawa ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu abin da take nema ke nan. Rumbunsu cike yake da hatsi, ba a dai taɓa buɗe shi an yi tuwo ba. Aikinka shi ne ka mayar da abin da suka haddace ya zama abin da harshensu zai iya furtawa ba tare da sun tsaya lissafi ba, kuma ba za ka iya wannan ba sai ka san yadda harshensu yake aiki, domin kurakuransu ba na ganganci ba ne, kusan duk ana iya hango su tun kafin a yi su.

Babba a ciki shi ne lokaci. Aikatau a harshen Indonesiya ba ya canja siffa saboda lokaci. Makan shi ne ci, jiya da yau da gobe. Abin da ke nuna lokaci ƙananan kalmomi ne da ake sawa a gaba: sudah in an riga an yi, belum in ba a yi ba tukuna, sedang in ana cikin yi, akan in za a yi, pernah in an taɓa yi, ko kuma a ce kemarin, jiya, besok, gobe, a wuce. In an faɗi lokacin sau ɗaya a farkon labari, ba a sake komawa kansa. Shi ya sa yaro zai ce "Yesterday I go to market and I buy fish", kuma a kunnensa jimlar ba ta da aibi, tunda ya riga ya ce jiya. Shi ya sa kuma za ka yi ta jin "I ever go to Bali", domin ya ɗauko pernah ya sa mata rigar "ever". Shawarata ita ce ka manta da goma sha shidan nan. Huɗu sun ishe ka a watannin farko: na abin da aka saba yi, na abin da ake ciki, na abin da ya wuce, da na abin da za a yi. Kowanne ka shigo da shi ta hanyar magana da ke buƙatarsa. Shuɗaɗɗen lokaci, alal misali, a koye shi ta ba da labarin hutun da ya wuce, kowa ya ba abokin zamansa, abokin kuma ya tashi ya ba aji labarin da ya ji. Ka ja layi a allo, jiya a hagu, gobe a dama, in yaro ya manta ka nuna hagu da babban yatsa kawai, kada ka katse shi da magana.

A nan akwai abin da malamai da yawa ba sa ganewa, kuma shi ne ya fi cancantar ka tsaya a kansa. Wani kaso mai yawa na abin da ake ɗauka kuskuren nahawu ne, a gaskiya matsalar furuci ce. Kalmomin asali na harshen Indonesiya ba sa ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku a jere. Turanci kuwa a daidai wannan wurin yake ɗora nahawunsa: "walked" yana ƙarewa da k da t, "asked" da s da k da t, "books" da k da s. Bakin yaron bai saba da wannan cunkoso ba, sai ya yar da baƙin ƙarshe, kuma baƙin da ya yar ɗin shi ne ke ɗauke da alamar shuɗaɗɗen lokaci ko ta jam'i. Malami ya ji "I walk to school yesterday", ya sake maimaita darasin nahawu, alhali yaron ya san ƙa'idar sarai. Gwajin mai sauƙi ne: ka sa ya rubuta jimlar. In ya rubuta "walked" amma ya furta "walk", bakinsa za ka yi wa aiki. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a jingina baƙin ƙarshe da wasalin kalmar da ke biye, yadda masu harshen suke yi da kansu: "walked in", "picked it up", "asked a question". In ya furta "walked in" kamar wok-tin, t ɗin ta koma farkon gaɓa, inda bakinsa ba ya jin nauyinta. Sannan ka fara da aikatau irin su "went", "saw", "ate", "bought", waɗanda canjinsu a tsakiyar kalma yake, da irin su "wanted" da "needed" masu ƙarin gaɓa sukutum, kafin ka zo ga masu wuyar.

Abu na biyu zai ba ka mamaki a matsayinka na Bahaushe, domin mu harshenmu komai sai ya rarrabe namiji da mace: shi da ita, ya tafi da ta tafi, kai da ke. Su kalma ɗaya ce, dia, ga namiji da mace. Za ka ji ɗalibi mai ƙoƙari yana maganar mahaifiyarsa yana cewa "he", kuma zai yi ta yi har bayan ya iya abubuwan da suka fi wannan wuya. Bayani ba ya maganinsa, maimaici da sauri ne ke yi: hotunan mutane a kati, kana ɗagawa suna faɗin abu ɗaya game da mai hoton, kana ƙara sauri. Haka nan "am", "is", "are". Saya lapar na nufin ina jin yunwa, kalma biyu ne kawai, "ni" da "mai yunwa", babu abin da ke haɗa su. Sai ka ji "I hungry", "She beautiful". In an matsa musu kuma sai su zarce, su riƙa cusa shi ko'ina: "I am go", "I am agree". Ka koyar da waɗannan a dunƙule, "I'm hungry", "she's tall", "I agree", a matsayin abu guda da ake furtawa da numfashi ɗaya.

Jerin kalmomi kuwa ka taɓa bin wannan hanyar da ƙafarka. Rumah teman saya kalma bayan kalma "gidan abokina" ne, daidai da tsarin Hausa, Turanci ne ke juya shi ya ce "my friend's house". Sifa ma bayan suna take zuwa, rumah besar, gida babba, don haka "house big" zai fito. Ka tuna yadda kai ka shawo kan wannan, ka ba su. Jam'i suna yinsa ta ninka kalma, buku-buku, amma in lamba ta zo ba sa ninkawa, shi ya sa "three book". Game da "a" da "the", kada ka ɓata lokaci a kansu yanzu. Ba sa hana a fahimci mutum, kuma yawan karatu ne ke zaunar da su.

To, ga wata dama da kake da ita wadda Baturen da ya zo daga Landan ko Sidni ba shi da ita. Yaranka ɗaliban pesantren ne, sun yi nahawun Larabci, sun yi tajwidi, kai ma ka yi. Yaron da ke rikita "he" da "she" ya san huwa da hiya tun yana ƙarami. Ya san fi'ili madi da mudari'i, wato ya riga ya yarda cewa akwai harshen da aikatau ke canja siffa saboda lokaci. Ya san ma'arifa da nakira, don haka ranar da za ka taɓa "the", alif da lam za ka nuna masa, ko da yake ba a kowane wuri suke dacewa ba. A furuci ma haka: sautin farkon "think" shi ne na harafin ث, na farkon "this" kuma ذ, kuma wanda ya yi tajwidi ya san inda ake sa harshe a furta su. Bambancin "ship" da "sheep", ko "full" da "fool", yana ba 'yan Indonesiya wuya domin harshensu ba ya rarrabe dogon wasali da gajere, amma wanda ya san maddi ya san ja. Kai kuma kunnenka ya saba da wannan tun daga gida, tunda da tsawon wasali muke rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Minti biyu na irin wannan haɗi ya fi rabin sa'a na zane-zanen baki a allo.

Sauran matsalolin furuci kaɗan ne masu muhimmanci. A ƙarshen kalma b da d da g suna komawa p da t da k a bakinsu, don haka "bag" da "back", "bed" da "bet" suna zama abu ɗaya. Ka koya musu jan wasalin kaɗan kafin baƙi mai ziza irin su b da d da g, shi ne ainihin abin da kunnen mai sauraro ke kamawa. Harafin v suna furta shi f, wasu kuma, musamman Sundawan yammacin Java, suna musanya f da p. A nan, Malam, ka fara duba naka bakin, domin mu Hausawa ma p da f sun daɗe suna ba mu wahala, kuma abin da ka furta shi yara za su ɗauka. Ka ɗauki muryarka a waya kana karanta "people", "coffee", "perfect", "five", ka saurara da kunnen basira. Akwai kuma tarkon rubutu. Tun bayan gyaran ƙa'idar rubutu na 1972, harshensu yadda aka rubuta haka ake karantawa, harafin c ma daidai da namu yake. Saboda haka in suka fara ganin kalmar Turanci a rubuce, za su karanta ta harafi bayan harafi, kuma wannan furucin ne zai zauna. Ka sa su ji kalma, su maimaita ta, kafin ka rubuta ta.

Kada ka sa wa kanka burin mayar da su Amurkawa. Binciken Jennifer Jenkins da ya fito a 2000 ya nuna cewa tsakanin mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, abin da ke kawo rashin fahimta shi ne yawancin baƙaƙe, tsawon wasali da inda aka ɗora nauyi a jimla. Sautin "th" ba ya cikin masu hana ruwa gudu. Kuma da irin waɗannan mutane yaranka za su fi yin magana: kundin ASEAN, ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, wadda hedikwatarta ke Jakarta, ya sa Turanci ne harshen aiki, don haka ɗan Tailan da ɗan Filifin da ɗan Biyetnam ne abokan hirarsu na gobe. Turancinka na Najeriya bai gaza ba a wannan fage. Ka dai rage sauri, kuma ka riƙa kunna musu wasu muryoyin don kunnensu ya saba da iri-iri.

Yanzu shirun da ka yi kuka da shi. Sunansa malu, kunya ke nan, kuma tana tafiya da takut salah, tsoron yin kuskure. Mun san wannan a gida, amma a Java ta fi kauri, ga ladabin da santri, wato ɗalibin pesantren, ke yi wa malami, wanda zai sa yaro ya ga ɗaga murya a gabanka kamar rashin tarbiyya ne. Akwai kuma tsoron abokai: wanda ya cika yin Turanci ana yi masa ba'a da keminggris, wai mai ƙaryar Turanci. Don haka kiran yaro ɗaya ya miƙe ya amsa a gaban mutum talatin shi ne mafi munin abin da za ka fara da shi. Ka bi mataki-mataki: duk aji su faɗa tare, sannan rabi da rabi, sannan bibbiyu kowa da na kusa da shi, duk a lokaci guda yadda hayaniya za ta rufe kuskuren kowa, sannan rukuni na huɗu. Sai wanda ya riga ya faɗi jimla sau biyar a cikin hayaniya za ka nemi ya faɗe ta shi kaɗai. Gyara kuma ka jinkirta shi: kana zagayawa kana rubuta kurakuran da ka ji, a ƙarshe ka sa biyar a allo ba tare da sunan kowa ba, aji ya gyara. Kada ka taɓa kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa. Zai yi maka murmushi, amma ka rasa bakinsa har ƙarshen zango. In ka tambaya ko sun gane, amsar kullum ita ce sudah, sun gane, domin cewa a'a ga malami nauyi ne. Ka daina wannan tambayar, ka ba su abin yi wanda zai nuna maka.

Tsarin pesantren kansa yana da abin da za ka ɗauka. Makarantar Gontor da ke Ponorogo, wadda aka kafa a 1926, ta yi suna da sa ɗalibai yin Larabci da Turanci a rayuwar yau da kullum: sababbin kalmomi kaɗan kowace safiya, hira bibbiyu a fili, da muhadara, inda ɗalibi ke tashi ya yi jawabi. Wani da ya yi karatu a can, Kalend Osen, shi ya buɗe kwas ɗin Turanci a Pare ta yankin Kediri a 1977, wurin da yau ake kira Kampung Inggris, ƙauyen Turanci, inda matasa daga ko'ina a ƙasar ke zuwa su yi makonni. Daga Malang ba nisa ba ne can, ka je ka ga yadda suke yi. Sirrinsu yawan amfani da harshen ne a kullum, kuma yaranka gwanayen hadda ne, don haka ka ba su jimloli cikakku su haddace maimakon jerin kalmomi tsirara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukunta yaro don an kama shi yana harshen uwarsa. Mun ga irin wannan a makarantunmu da tarar "banakula", kuma abin da ta fi haifarwa shi ne yaro mai shiru. Kai ma ka yi amfani da harshensu a aji in buƙata ta kama, don ba da umarni mai sarƙaƙiya ko fassara kalma ɗaya da za ta ci minti biyar. Ganin kana fama da harshensu kana kuskure ba ka damu ba, shi kansa yana rage musu tsoro.

Batun littattafai, ka fara da na gwamnati, domin a kansu ake yi musu jarrabawa kuma kyauta ake sauke su daga shafin ma'aikatar ilimi. Na manhajar 2013 a aji bakwai da takwas shi ne When English Rings a Bell, na sabuwar manhaja kuma English for Nusantara. Ka tambayi malamin Turancinsu na safe wanne suke bi da inda suka kai. Za ka ga an gina su a kan nau'o'in rubutu: bayanin siffar abu, labarin abin da ya faru, tatsuniya, yadda ake yin abu, rahoto. Wannan tsari daga Ostireliya aka ɗauko shi, ya shiga manhajar ƙasar tun 2004, kuma yana da matakai huɗu: a gina sanin batun, a nazarci samfuri, malami da ɗalibai su rubuta ɗaya tare, sannan kowa ya rubuta nasa. Tsari ne mai kyau in an bi shi duka. Abin da ke faruwa a ajujuwa da yawa shi ne a tsallake mataki na uku, a sa yara haddace sunayen sassan rubutu, a cika takardun atisaye masu arha da ake kira LKS. Mataki na ukun nan, inda kake rubutu a allo suna ba ka jimloli kuna gyarawa tare, shi ne inda ake koyo, kuma shi ne gurbin da darasinka na yamma zai cike, da baki kafin da alƙalami.

Littattafan waje irin su Interchange da Headway suna da sauti mai kyau da tsari, amma suna da tsada, kuma wasu darussansu na shan giya ko fita zance ba za su shiga pesantren ba. Ka riƙe kwafi ɗaya don kanka, ka ɗebi dabarun, ka sauya abin da ke ciki. Don kanka kuma ka nemi Learner English na Michael Swan da Bernard Smith, bugu na biyu na 2001, akwai babi guda a kan masu magana da Malay da harshen Indonesiya. Ƙamus ɗin John Echols da Hassan Shadily, wanda ya fito a 1975, har yau shi ne aka fi sani, da wuya ka rasa shi a ɗakin karatun makarantar. Don sauraro, shirye-shiryen koyon Turanci da Muryar Amurka ta yi an karanta su a hankali da kalmomi masu sauƙi. Pesantren da yawa ba sa barin ɗalibai su riƙe waya, saboda haka ka sayi ƙaramar sifika, ka sauke sautukan tun daga masauki. Manyan ɗalibai kuma ka riƙa yanko musu gajerun labarai daga jaridar The Jakarta Post, domin sun riga sun san labarin da harshensu.

Amma abin da ya fi duk waɗannan amfani kai ne, saboda kai baƙo ne da gaske. A yawancin darussa malami yana tambayar abin da ya san amsarsa, yara kuma sun san ya sani. Kai kuwa da gaske ba ka san wace motar angkot ake hawa zuwa kasuwa ba, ba ka san abin da ke sa miyar rawon ta yi baƙi ba, ba ka san yadda ake shirin mudik, komawa gida da ƙaramar salla, ba. Ka tambaye su, su yi ta fama har su fahimtar da kai. Su ba ka labarin Malin Kundang, ɗan da ya yi arziki ya ƙi uwarsa ya zama dutse, ko na Kancil, 'yar ƙaramar barewa mai wayo, kai kuma ka ba su na Gizo da Ƙoƙi. Darasin tatsuniya da na shuɗaɗɗen lokaci sun samu a nan. Darasin yadda ake yin abu kuwa, ledar Indomie ta isa: su koya maka yadda suke dafa ta, ka gaya musu yadda mai shayi ke soya ta da ƙwai a Kano, za ka ga yadda mamakin jin cewa taliyar ƙasarsu ta zama abincin dare a Najeriya zai buɗe bakin wanda bai taɓa magana ba. Don faɗaɗa kalmomi, nuna musu cewa suna da ɗaruruwa a hannu: informasi, organisasi, kualitas, universitas, waɗanda galibi suka shigo ta harshen Holan, ƙarshen -asi yakan zama "-ation", -tas kuma "-ty". Sai dai a kula da inda nauyin furuci yake faɗawa, domin ya bambanta.

In darasinka na minti 90 ne, ga yadda zan raba shi: minti goma na farko hira bibbiyu a kan abin da aka yi a darasin baya, goma na furuci a kan abu ɗaya tak, ashirin na sauraro ko karanta samfuri, wajen talatin da biyar suna magana a rukuni kana zagayawa, sauran kuma gyara a allo da jimloli biyar na hadda. A makon farko ka ɗauki muryar kowane yaro yana magana ta minti ɗaya, ka ajiye, bayan wata uku ka sake ɗauka ka kunna masa duka biyun shi kaɗai. Waɗanda ke ajin ƙarshe za su fara tambayarka game da gwajin Turanci na TOEFL, domin jami'o'i da masu ba da tallafin karatu irin su LPDP suna neman sakamakon gwajin Turanci. Ka ware musu lokaci daban, kuma ka sanar da su cewa nau'in ITP da aka fi yi a can sauraro ne da nahawu da karatu, babu magana a ciki, IELTS kuwa sai an zauna gaban mai gwaji an yi hira.

Ka nemi shiga taron malaman Turanci na yankin, wanda ake kira MGMP. Su suka san jarrabawa da halin yaran fiye da ni da kai, kuma za su yi murna da samun wanda za su yi Turanci da shi. Sannan kafin ka karɓi ko sisi a matsayin lada, ka je ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka ka gaya musu abin da kake yi, domin izinin zama na ɗalibi ba izinin aiki ba ne, kuma hukumar shige da fice ta can ba ta wasa da wannan. In aikin sa kai ne, ka sa shugaban makarantar ya rubuta maka takarda da ke faɗin haka, ka ajiye kwafi.